Yaro ɗan SS2 na son shiga NDA, me ya kamata a fara tun yanzu?

Kawun Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema. Ɗan yayana ne yake SS2 yanzu ɓangaren kimiyya, tun yana ƙarami ba shi da magana sai ta soja, yanzu kuma ya kafe shi NDA Kaduna zai shiga, wato makarantar horar da hafsoshin soja. Mu kuma gaskiya abin ya mana daidai ta wani ɓangaren tunda an ce gwamnati ke ɗaukar nauyin komai, karatu da ci da kwana da kaki har da alawus, ga digiri ga aiki, kuma halin da ake ciki kowa ya sani kuɗin jami'a ya fi ƙarfin talaka. To matsalar ba mu da kowa a soja ko kurtu ɗaya, shi yasa nace bari in tambaya tun da sauran lokaci, me yaron nan zai riƙa yi daga yanzu zuwa ya gama SS3 wanda zai ƙara masa dama?

Gaskiya Ɗaci: Wa alaikumus salam. Ya nemi janar. Shikenan amsar, sauran duk zance ne.

Malam Lissafi: Haba Gaskiya Ɗaci, mutum ya zo neman shawara tun kafin ya zauna ka kashe masa gwiwa. Kawu kar ka biye masa. Ni malamin sakandare ne kuma kowace shekara sai na ga yara masu wannan burin, abin da ke kayar da mafi yawansu tun kafin ma a zo maganar wa ka sani, kiredit ne. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamancinsu, dole da Turanci da lissafi a ciki, kuma kar su wuce zama biyu. Yaro sai ya yi ta gudun safe yana ɗaga ƙarfe ya zama ƙato amma lissafi D7, to ina amfanin ƙirjin. NDA jami'a ce fa, tun 1985 take ba da digiri, shekara huɗu ana karatu sannan shekarar ƙarshe a duƙufa kan horon soja, kenan yaron da ba zai iya zaman aji ba ko ya shiga wahala zai sha.

Kawun Khalifa: Na gode Malam. Lissafi kam Alhamdulillah yana ƙoƙari, Turancin ne dai sai a hankali.

Malam Lissafi: To nan za ku sa kuɗinku da lokacinku. Turanci sau uku zai tare shi a hanya, a WAEC, a JAMB, sannan ranar da zai tsaya gaban hafsoshi suna masa tambaya ba wanda zai masa tafinta. Ku sa shi karanta jarida kullum ko da a waya ne, ya riƙa karantawa da ƙarfi, in akwai ƙungiyar muhawara a makarantarsu ya shiga ko da ana masa dariya da farko. Yaranmu da yawa suna da abin faɗa a kai amma da an ce su buɗe baki sai murya ta maƙale. Sai maganar JAMB, dole ya zaɓi NDA a zaɓin farko, in ya sa ta a na biyu ya yi asarar shekara. A tallan shekarun baya makin da suke yankewa 180 ne ga yawancin kwasa-kwasai, injiniya kuma 210, amma ni ina gaya wa ɗalibaina kar wanda ya sa wannan a ransa, wannan makin na shiga layi ne kawai, ka nemi 250 zuwa sama ka huta.

Mai Kafe: Bari in shigo nan tunda ni ke cike wa yara fom duk shekara. Abu na farko da mutane ba su gane ba, fom biyu ne. Akwai na JAMB akwai na NDA kanta a shafinta na intanet da ake biya daban, wani sai ya cike JAMB kawai ya koma gida ya miƙe ƙafa yana jiran kira. Na biyu kuma wanda ya fi ci min rai, sabanin takardu. Yaro a takardar haihuwa Muhammad Sani Abdullahi, a NIN Sani Abdullahi, a WAEC Abdullahi Muhammed S., ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata, firamare ta ce watan uku NIN ta ce 1 ga watan ɗaya saboda wanda ya yi rajistar bai tambaya ba ya buga abin da ya ga dama. Kawu tunda yaronku bai yi rajistar WAEC ba tukuna wlh kun yi sa'a, yau ɗin nan ku fito da takardar haihuwa da ta firamare da ta JSS da NIN da takardar shaidar ƙaramar hukuma ku shimfiɗa su a tabarma ku duba harafi harafi. Gyaran NIN yanzu yana da wahala amma ya fi sauƙi sau goma kan gyaran suna bayan WAEC ta fito.

Tsohon Samanja: Mai Kafe Allah ya maka albarka, ka faɗi abin da na zo faɗa. Ni ta Dafo Zariya inda ake horar da kurata na shiga ba ta NDA ba, igiya na ɗaura ba anini ba, amma na yi aiki ƙarƙashin yaran da suka fito daga can har na yi ritaya, kuma soja ko ta wace ƙofa ka zo ba ya wasa da takarda. Da an ga shekarunka biyu a takardu biyu ba wanda zai tsaya jin labarin cewa mai kwamfuta ne ya yi kuskure, za a ɗauka rage shekaru ka yi, ga wasu ɗari a bayanka takardunsu lafiya lau, me zai sa a ɓata lokaci a kanka.

Kawun Khalifa: Ranka ya daɗe Baba Samanja, daman irinku nake fatan su tanka. Maganar shekaru fa? Yanzu yana 16.

Tsohon Samanja: Yana kan daidai. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi daga 17 zuwa 21 ce, amma duk shekara ku karanta tallan da suka fitar da idonku don nan ne hukunci yake. Amfanin farawa da wuri shi ne in bai samu a karon farko ba yana da sauran dama ya sake, da yawa daga hafsoshin da kuke gani ba a zuwan farko suka shiga ba. Sai tsawo, namiji kar ya gaza mita 1.68, ku auna shi ba takalmi ya jingina da bango. A 16 yana iya ƙarawa, ku dai bar shi ya ci ya ƙoshi ya yi barci. Kuma kar ya kuskura ya yi aure ko a ce yana da ɗa, mara aure ake ɗauka.

Gaskiya Ɗaci: Baba da girmanka, duk wannan na yarda, amma ka faɗa wa mutumin nan gaskiya. Yara dubbai ke nema, kujerun kowace jiha ba su taka kara sun karya ba, gwamna na da nasa, sanata na da nasa, sarki na da nasa, manyan sojoji na da nasu. Ɗan talaka ya gama gudu da karatu a ƙarshe ya ga sunansa a jerin 'yan jiran tsammani. Mai uwa a gindin murhu ai ba ya cin tuwo gaya.

Tsohon Samanja: Ɗana ba zan rantse maka cewa ba a alfarma a Najeriya ba, wanda ya rantse ya yi kaffara. Amma ka yi tunani, ko mai alfarmar ma sai yaronsa ya kai matakin da za a iya taimakonsa. Wanda bai kai makin JAMB ba ba a kiransa jarabawar tantancewa, wanda ya faɗi jarabawar tantancewa ba ya zuwa gaban kwamitin hafsoshin da ke zaɓen ɗalibai, wanda likita ya ce bai da lafiya ya tafi gida. Kowane mataki ana zubar da mutane, kuma yawancin waɗanda ake zubarwa su suka zubar da kansu. Na zauna da hafsoshi 'ya'yan manoma da 'ya'yan masu gadi waɗanda ubansu bai taɓa taka Kaduna ba sai ranar faretin yaye su. In ka ce wa yaro tun yana 16 ba zai samu ba sai da janar, ka riga ka kayar da shi kai da kanka, janar ɗin ma bai sha wahala ba.

Gaskiya Ɗaci: To Allah ya sa. Ni dai na faɗi nawa.

Malam Lissafi: Kuma maganar kason jiha da ka kawo ai tana da fuska biyu. Saboda tsarin raba daidai tsakanin jihohi, yaron ba da duk Najeriya yake takara ba, da 'yan jiharsu yake yi. Wato abokin karawarsa shi ne yaron da ke makarantar gaba da tasu, ba wani ɗan Legas da aka yi wa lesin tun yana nazare ba. Wannan ai dama ce in an san ta. Shi ya sa ma takardar shaidar ƙaramar hukuma take da nauyi, kuma kar a ce za a yi dabara a karɓo ta wata jiha wai can ba cunkoso, a gaban kwamiti ana iya tambayarka sunan hakiminku ko garuruwan da ke kewaye da ku ko a juya maka harshen garin, nan take asiri ya tonu.

Anti Nas: Sannunku. Ni ɓangaren lafiya zan yi magana don nan ne ake yin kukan da ba shi da magani. Kawu ku kai yaron nan asibitin gwamnati yanzu a masa gwaji na gaba ɗaya, kar ku jira sai an kira shi Kaduna. A duba jininsa a san ko yana da sikila, a duba ciwon hanta, a auna hawan jini, a duba ido da kunne, idon ma ba gani nesa kawai ba har da bambance launi, akwai yaran da ba sa raba ja da kore kuma su kansu ba su sani ba har sai an buɗe musu littafin gwajin nan mai ɗige-ɗige, irin wannan in sojan sama ko na ruwa yake so akwai matsala. A duba ƙaba, a duba ƙafa ko tafin a shafe yake, ko gwame, ko tsohuwar karaya da aka yi ɗorin gida ta warke a karkace. Amfanin yi da wuri biyu ne, abin da ke gyaruwa kamar ƙaba ko haƙori a gyara ya warke sarai kafin lokaci, wanda kuma ba ya gyaruwa a sani tun yanzu a lallashi yaro ya sa ransa wani wajen, ya fi a ce ya ci jarabawa ya je har can a dawo da shi.

Kawun Khalifa: Anti wannan ko a mafarki ban kawo ba wlh. Ya taɓa karyewa a hannu yana firamare amma a asibiti aka ɗora.

Anti Nas: To a yi hoton hannun a gani, in ya haɗe daidai yana miƙewa yana lanƙwasuwa ba ciwo likita zai gaya muku. Sai abu ɗaya da iyaye ba sa son ji, ƙwaya. Ana gwaji. Tiramol, kodin, wiwi, yaro ya bi abokai sau ɗaya wai don ya ji ƙarfin gudu ya jawo wa kansa. Ku san su waye abokansa. Zanen tatu ma kar ya soma.

Maman Ummi: Ni dai ku yi haƙuri zan fita daga layi kaɗan. Kowa na ta maganar yadda za a shiga, ba wanda ya tambayi uwar yaron ko ta yarda. Kuna cewa karatu kyauta, wane kyauta? Kyautar da za a biya da rai? Yaro ya gama a ɗaura masa anini ɗaya a tura shi Sambisa ko dajin Zamfara, mu iyaye mata mu ne ba ma barci. Makarantar ma kanta ai a watan Agustan 2021 'yan bindiga sun shiga harabarta da ke Afaka suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya, duk ƙasar nan an ji. Kar talauci ya sa mu riƙa tura yara inda zuciyarmu ba ta kwanta ba saboda kawai an ce ba kuɗin makaranta.

Tsohon Samanja: Hajiya maganarki dutse, kuma ban ga laifinki ba ko kaɗan. Wannan ba irin tallafin karatun da za ka karɓa ka yi digiri ka ɗau jakarka ka tafi banki aiki ba ne. Gwamnati ta ciyar da kai shekara biyar, to ta saye ka, inda ta ce nan za ka, ranar sallah kana daji matarka na haihuwa kana daji. Duk yaron da ya shiga don kuɗin makaranta kawai tun a watannin farko ake gane shi, lokacin da aka aske kai aka karɓe waya aka fara tsallen kwaɗo da gwale-gwale ba dare ba rana, wasu da ƙafarsu suke guduwa. Don haka Kawu tambayar farko ba taku ba ce ta yaron ce, a zaunar da shi a gaya masa ɗacin, in ya ce ya ji ya gani to a nemi albarkar uwarsa. Soja ba albarkar uwa ni ban ga yadda zai yi ba.

Kawun Khalifa: Hajiya na gode, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mahaifiyar tasa rabi da rabi take, wani lokaci ta ce Allah ya ba da sa'a wani lokaci ta yi shiru. Shi kuwa yaron ko an hana shi ina jin ta Dafo zai bi, shi yasa muka ga gara a taimaka masa ya shiga ta ƙofar hafsoshi da iliminsa.

Maman Ummi: To Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, amma shirun nan nata ku saurare shi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, ni daga Nijar nike bin zancen. Shin yaro ɗan Nijar na iya cika wannan takarda? Muna da yara da ke karatu Katsina da Kano.

Mai Kafe: A'a ɗan uwa, fom ɗin na 'yan Najeriya ne. Ana ganin ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka a NDA amma gwamnatocinsu ke turo su ta hanyar sojojin ƙasarsu, ba su ke zuwa kafe su cike ba.

Ɗan Maraɗi: To madalla, mun gode. Mu nan sai dai Prytanée ta Yamai, makarantar sakandaren soja, ga ƙanana, manya kuma makarantar horar da hafsoshi.

Bakano a Amurka: Ina jin daɗin muhawarar nan. Abin mamaki nan ma kusan zancen ɗaya ne. West Point, makarantar hafsoshin sojan Amurka, kyauta ce amma sai ɗan majalisar tarayya ko wani mai ikon hakan ya ba da sunanka, kuma in ka gama akwai shekara biyar na aikin soja dole. Akwai kuma tsarin ROTC inda soja ke biya maka kuɗin jami'ar farar hula kana karatu kana horo. Abin da ya sa na kawo, su nan tun yaro na aji uku kafin ƙarshe ake fara tara masa tarihi, ba maki kaɗai suke dubawa ba, suna son su ga ya taɓa shugabantar wani abu, kyaftin ɗin ƙwallo ne ko shugaban wata ƙungiya. Na tabbata hafsan da ke zaune a kwamiti a Kaduna shi ma abin da idonsa ke nema kenan ko da ba a rubuta a fom ba.

Tsohon Samanja: Haka yake. Hafsa ake nema, mutumin da yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai za a ba shi mutum talatin wasu sun haife shi ya ce su tashi su tashi. A gaban kwamiti ana haɗa yara rukuni a ba su aiki a koma gefe ana kallo, wa ke kawo dabara, wa ke sauraron wasu, wa ke ihu kawai, wa ya laɓe a baya. Mai ihun nan da yake ganin shi ne shugaba sau da yawa shi ake fara sokewa. Wannan ba a haddace shi a mako biyu. In an ba yaronku firifet a makaranta ya karɓa, in akwai sikawut ko 'yan agaji ko ƙungiyar ƙwallo ya shiga ya riƙe wani abu, ya saba da a ɗora masa nauyi ya kuma saba da a yi masa faɗa bai kumbura ba.

Coach Ɗanladi: Baba ka bar min ɓangarena. Motsa jiki. Kuskuren da yara ke yi sai sunan su ya fito sannan su fara gudu kamar mahaukata sati biyu, su je da ciwon ƙwauri ko targaɗe. Shi da ke da fiye da shekara a gaba ba ya buƙatar wahala, gudun safe sau uku ko huɗu a sati, ya fara da kilomita biyu a hankali yana ƙarawa har ya zama kilomita biyar ba komai ba ce a wajensa, ya haɗa da press-up da zaman ciki da jan jiki a ƙarfe. Ba ruwansa da ɗaga siminti don ƙirji ya fito, soja numfashi yake so ba ƙwanji ba. Ya samu kambas mai kyau ko na gwanjo ne. In akwai inda zai koyi iyo lafiya da mai kula da shi ya koya, zai masa amfani ko ba a tambaya ba. Lokacin azumi kuma ya rage ya mayar bayan shan ruwa.

Malam Lissafi: Coach amma a ja masa kunne kar gudun ya cinye karatun, na ga yaran da ke zuwa aji suna gyangyaɗi saboda sun fita tun asuba. SS3 shekarar littafi ce. Kuma Kawu wani abu da na manta, zaɓin kos. Yara duk sai su ruga injiniya saboda suna, alhali makinta ya fi tsada kuma cunkoson masu ƙoƙari na can. NDA na da kimiyya zalla kamar fizis da kemistiri da lissafi da kwamfuta, tana da tarihi da nazarin yaƙi, kimiyyar siyasa, labarin ƙasa, akanta, har da harsuna irin su Larabci da Faransanci. Duk wanda ya gama hafsa ne, aninin mai tarihi da na injiniya iri ɗaya ne. Ya zaɓi inda ya fi ƙarfi, ya tabbata darussa huɗun da zai rubuta a JAMB sun dace da kos ɗin, don wannan ma na kayar da mutane, ka ci maki mai kyau amma haɗin darussanka bai dace ba.

Ummu Hanan: Tambaya dan Allah, mata fa? Ƙanwata ma na da sha'awa.

Malam Lissafi: Ana ɗaukar mata, tun 2011 aka fara, sai dai gurbinsu kaɗan ne sosai kan na maza. Ta duba tallan shekarar da za ta nema ta ga sharuɗɗan.

Gaskiya Ɗaci: To tunda kun ƙi tawa bari in ba da wadda za ku karɓa. Kawu duk wanda ya kira ka ko ya turo maka saƙo a WhatsApp ko Facebook da hoton kaki wai shi kanar ne yana da gurbi ka turo dubu ɗari biyar, ɓarawo ne. Da sunaye sun fito suke farauta, har lambar iyaye suke samowa. Maƙwabcinmu sai da ya sayar da shanu biyu, ranar da suka je ƙofa da takardar bogi mai waya ya kashe layi. Ni da nake cewa sai da hanya, hanyar ba a waya ake sayar da ita ba.

Tsohon Samanja: Yau kam mun haɗu da kai a layi ɗaya ɗana.

Anti Nas: Hhhh Gaskiya Ɗaci ya tuba.

Gaskiya Ɗaci: Ban tuba ba Anti, gyara na yi.

Bakano a Amurka: Wani abu kuma, ya san tarihin inda yake nema. Abin kunya ne a tambayi yaro yaushe aka kafa makarantar ya tsaya kallon silin. 1964 ne, kwamandanta na farko ma Ba'indiye ne Birgediya Varma, bataliyoyin ɗalibai huɗu Mogadishu da Dalet da Burma da Abyssinia. Ya san sunayen hafsoshin tsaro na lokacin, ministan tsaro, jerin muƙamai na ƙasa da sama da ruwa, ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu. In yana son misali daga gida, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta nan ya bi, kos na 18, ya shiga 1975 ya kai birgediya janar kafin ya hau karaga a 2006.

Malam Lissafi: Sai dai a ƙara da cewa kar a sa ƙwai duka... a'a bari in faɗa kai tsaye, a yi masa shiri na biyu. Tunda NDA ce zaɓin farko a JAMB, in ba a dace ba a yi saurin canza makaranta kar shekarar ta tafi a banza, yana karatu a wani wajen yana sake nema in shekaru sun bari. Akwai makarantar 'yan sanda ta Wudil ita ma digiri ce da muƙami. In ma duk bai samu ba ya yi digirinsa ya dawo ta gajeren kos na masu digiri, hafsa ne shi ma. Amma a kula, jami'ar sojoji ta Biu da AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke Kaduna, suna ɗaukar farar hula ne su yi karatu su biya kuɗi, gama su ba ya mayar da kai soja, mutane da yawa na rikita wannan.

Kawun Khalifa: Wallahi na ƙaru fiye da yadda na zata. Na fito da takardun kamar yadda Mai Kafe ya ce, ga shi kuwa a NIN an rubuta shekarar haihuwa daidai amma wata ya bambanta da na takardar haihuwa, sunan mahaifi kuma a ta firamare Abdullahi a NIN Abdullah. Wanne za a bi?

Mai Kafe: Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ita ce uwa, komai ya koma kanta. Ku fara da gyaran NIN tunda da ita JAMB ke ɗauko bayanan yaro, duk abin da ke kanta shi zai hau fom ɗinsa ko kuna so ko ba kwa so. Harafin nan ɗaya ma kar ku raina shi a gyara gaba ɗaya. Sannan ku je makarantar da kanku ku ga malamin da ke tura sunaye WAEC da NECO ku ba shi a rubuce, kar ku aika yaro da baki, in an fito da takardar tabbatarwa ku karanta kafin ya sa hannu. Gobe Litinin, ku sammaka don layin ofishin NIN ba ya jiran mai barci, ku tafi da asalin takardar haihuwar da kwafi biyu.